Wa Ke Bin Bahasin Karatun Ɗan Talaka a Zariya?

Ina da wani maƙwabci mai gyaran babur, shagonsa na bakin titi ta wajen Ƙofar Doka, gidansa kuma katanga ɗaya ce ta raba mu. Bai yi boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, kuma bashin da masu acaba ke ci a wurinsa da ajami yake rubuta shi a wani tsohon littafi da ya sha baƙin mai. Wata rana a ƙarshen damina ƙanensa da ke Kano ya turo masa saƙo a waya, da Hausa, layi uku kacal, a kan maganar gonar gado. Ya kira 'yarsa da ke aji biyar a firamaren gwamnati ta unguwarmu ya miƙa mata wayar. Yarinya ta ƙura mata ido, ta kira harafi biyu uku, ta haɗa kalmar farko da ƙyar, daga nan ta tsaya. Ya ce ta sake. Ta sake, ta tsaya a inda ta tsaya da farko, sai hawaye.

Bayan sallar Magariba ya same ni a dakalin masallaci, riƙe da takardar sakamakonta ta zangon da ya wuce. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan. An ce mini ta huɗu ta zo." Na duba, ta huɗun ce, a ajin da yaransa sun haura ɗari. Ya ce, "To in ta huɗu ba ta iya karanta saƙon baffanta ba, na hamsin fa? Na ƙarshe fa?" Ban ba shi amsa ba. Ina cikin kwamitin gudanar da makarantar, kuma duk zaman da muka yi a shekarar ba mu taɓa yi wa kanmu wannan tambaya ba.

Yarinyar nan fa da yamma tana zuwa Islamiyya, kuma a can ubanta bai taɓa neman takarda ba. Ya san izu nawa ta haddace, ya san surar da take kakarewa, kullum bayan Asuba sai ya ɗauki haddarta kafin ya fita shago. Shekara biyu da suka wuce da ya ga malaminsu ya fara fashi, karatu ya tsaya wuri ɗaya har wata uku, ya je ya yi magana sau ɗaya, ya koma sau biyu, a na uku ya ɗauke ta ya mayar da ita wata Islamiyyar a bayan layi. Haka iyayenmu suka yi da makarantar allo tun kaka da kakanni. Uba ya kai ɗansa da hannunsa, ya ba da kuɗin Laraba, ya ɗauki allo ya ga inda aka tsaya. Malam kuma ya san anjima za su haɗu a sahu ɗaya, ya san ranar sauka yaro zai buɗe baki a gaban jama'a a ji abin da aka zuba masa. Kunyar wannan rana kaɗai ta isa ta hana malami sakaci.

Shi ya sa raina ke ɓaci duk lokacin da na ji wani a rediyo yana cewa talakan Arewa bai damu da karatun ɗansa ba. Mutumin da ke sauraron hadda da duku-duku ba a ce masa bai damu ba. A makarantar boko ba shi da mudun da zai auna karatun, kuma ko ya auna ya ga tawaya, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a buɗe masa. Ko sunan da muke kiran makarantun da shi ya tona abin. Islamiyya sai ka ji an ce "makarantarmu", ko "makarantar su Malam wane". Waccan kuwa "makarantar gwamnati", kamar yadda ake cewa motar gwamnati ko filin gwamnati, abin da in ya lalace kowa zai wuce ya bar shi don yana ganin ba aljihunsa aka taɓa ba.

Abin ya fi ciwo a Zariya. Garin Kwalejin Alhudahuda, wadda asalinta ke komawa 1910. Garin da Kwalejin Barewa ta tare a 1949 ta yaye irin su Yakubu Gowon da Murtala Muhammed. Garin da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga kuma kwalejin horar da malamai da ta cika Arewa da masu takardar shaidar malanta ta NCE. Kowace shekara ana rubuta kundin digiri a Samaru, inda jami'ar take, a kan matsalar koyon karatu a firamare, alhali tafiyar 'yan mintoci a mota daga ɗakin da ake kare kundin akwai ajin da yara ke zaune a ƙasa suna maimaita abin da ke kan allo da ƙarfi, ba tare da sun san wace kalma suke furtawa ba.

Ni a 1977 na shiga aji ɗaya, shekara guda bayan an fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa. Ba zan ce komai daidai yake a lokacin ba. An kwaso yara sun fi ƙarfin azuzuwa, an kwaso malamai da horon gaggawa. Amma muna da wani abu da yanzu babu. A bencinmu akwai ɗan alƙali, akwai ɗan wani babban ma'aikacin jirgin ƙasa, akwai 'ya'yan malamanmu su kansu. In malami ya yi fashin kwana biyu, alƙali zai aiko a tambayi lafiyarsa, kuma kowa ya san ma'anar wannan gaisuwar. Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye, albashin malaman firamare ya riƙa maƙalewa wata da watanni, yajin aiki ya yawaita, masu hali suka fara zare 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya zuwa makarantun kuɗi. Kowa da hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ni ma na yi. Ɗana na fari a makarantar kuɗi ya ƙarasa firamare, kuma tun ranar da na cire shi ƙafata ba ta sake taka makarantar unguwa ba sai bayan shekara goma sha. Da muka kwashe 'ya'yanmu, har da bakin da ake jin maganarsa muka tafi. Aka bar makarantar da 'ya'yan mai gyaran babur da ɗan dako da bazawara mai tuyar ƙosai, mutanen da ko ofis suka shiga sai sun cire takalmi sun durƙusa kafin su faɗi abin da ya kawo su.

Ba za a ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole ne, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, jiha ta kawo nata kason ta karɓa. Dokar ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Na bi ta daga farko har ƙarshe ina neman inda aka faɗi haƙƙin uban da ya kai ɗansa, yaro ya shekara shida yana zuwa, ya fito bai iya rubuta sunan unguwarsu ba. Ban samu ba. An rubuta abin da uba zai biya in ya saɓa, ba a rubuta wanda zai tsaya a gabansa in shi aka saɓa wa ba.

A nan jihar Kaduna mun ga gyara iri-iri. A 2016 aka fara ciyar da 'yan firamare, azuzuwa suka cika maƙil, muka kuma ga yaran da ke zuwa da kwano su ci su sulale. Sai babbar girgizar 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta zaunar da malaman firamare kimanin 33,000 ta ba su tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, aka yi shelar ɗaukar sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. A 2022 aka sake sallamar 2,357, wasu don sun faɗi wata jarrabawar, wasu don sun ƙi zama su rubuta.

Ina cikin waɗanda suka ce gwajin ya dace, kuma har yau ban janye ba. Wanda bai iya lissafin aji huɗu ba bai kamata a damƙa masa alli ba ko da ɗan'uwana ne, kuma a cikin waɗanda aka sallama akwai 'yan'uwana. Amma akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro. Waɗannan malamai ba daga sama suka faɗo ba. Akwai kansila da ciyaman da ɗan majalisa da suka shekara suna raba guraben koyarwa kamar goron biki. Malamin ya tafi gida, ɗan siyasar da ya kawo shi yana nan yana neman wata kujerar. Bayan haka, abin da jarrabawar yini ɗaya ta gano, matan unguwa sun daɗe da saninsa. Kowace uwa ta san malamar da ke zuwa da jakar atamfa ta baje a ofis tana ciniki, ta san malamin da ba a ganinsa sai ranar da aka ji masu duba makarantu na tafe, ta kuma san wanda yaransa ke dawowa gida suna rubutu a ƙasa da tsinke don daɗin abin da ya koya musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba a tambaye su kafin kora ba, ba a tambaye su bayan an kawo sababbi ba, kuma ba wanda ya zo ƙofar makarantarmu bayan shekara uku ya ce mana ga yawan yaran da ke iya karatu kafin gyara, ga yawansu yanzu.

Haka ake yi mana a komai. A farkon 2022 aka wayi gari makarantun gwamnati a jihar nan sun koma kwana huɗu a mako. A ƙarshen wannan shekarar gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa shekara shida cur, a 2025 wani ministan ya ce an soke, a koma Turanci. Ina da ra'ayina a kan kowanne, musamman harshe, domin na tabbata yaron da ya iya karanta Hausa ya fi saurin kama Turanci. Amma duka ukun a rediyo iyaye suka ji su, kamar labarin wata ƙasa. Makarantar da duk umarninta daga sama yake saukowa, sama za ta riƙa kallo. Hedimasta ya san wanda zai iya jefa shi ƙauye, ya san wanda zai iya riƙe masa ƙarin girma, kuma a cikinsu babu uban yaro ko ɗaya.

A watan Satumba na 2019 gwamnan lokacin, El-Rufa'i, ya kai ɗansa firamaren gwamnati ta Capital School a Kaduna, hotuna suka zagaye ƙasa, a 2021 ya cire shi saboda barazanar masu garkuwa da mutane. Ban ga laifin uban da ya tsare ran ɗansa ba. Abin da na ɗauka daga lamarin shi ne, shi ma ya yarda da abin da muka sani tun zamanin ɗan alƙali, cewa inda ɗan mai faɗa a ji ya zauna, nan ido yake komawa. Sai dai firamaren gwamnati a jihar nan sun haura 4,000, 'ya'yan manya ba su isa a raba musu ba, kuma ba na sa ran wata doka za ta tilasta su. Dole idon ya zama na waɗanda 'ya'yansu ke ciki.

Wasu abokaina a Samaru suna ganin maganin shi ne a ba iyaye zaɓi irin na wasu ƙasashe. Gwamnati ta ba uba takardar kuɗin karatun ɗansa, ya kai ta inda ya ga dama, ta gwamnati ko ta kuɗi, makarantar da ba ta koyarwa ta rasa yara ta rasa kuɗi. Chile ta fara haka a 1981, Suwidin a 1992. Maganar tana da daɗin ji, kuma ta yi kama da abin da maƙwabcina ya yi da Islamiyya. Na daɗe ina juya ta, amma ban gamsu ba. A Tudun Wada ko Sabon Gari yaro na iya wuce makaranta uku kafin ya gaji. A ƙauyukan Wuciciri ko Dambo makaranta ɗaya ce, in ka bar ta sai gonaki, kuma a halin tsaron da ake ciki ba uwar da za ta saki 'yar shekara bakwai ta yi doguwar tafiya ita kaɗai. A Chile ɗin ma sai makarantu suka koma zaɓen yara maimakon iyaye su zaɓi makarantu, 'ya'yan masu hali suka taru wuri guda, na talakawa wuri guda, ɗalibai suka cika tituna da zanga-zanga a 2006 da 2011, har a 2015 aka yi dokar da ta hana makarantar da ke cin kuɗin gwamnati tace yara ko neman riba. Mu kuwa da muke fama da ma'aikatan bogi a takardar albashi, ranar da aka ce kan kowane yaro kuɗi ne, a ranar za a haifi ɗaliban bogi da makarantun da babu su sai a fayil.

A kuma dubi makarantun kuɗin da hannun talaka ke kaiwa. Akwai na kirki, na san su. Amma da yawa gareji ne ko zaure da aka raba da falanki, malamar 'yar sakandare ce da albashinta ba ya kai ta tsakiyar wata, kuma ba a maimaita wa yaro aji don kada uba ya yi fushi ya ɗauke shi. Uba na ganin ɗansa cikin yunifom mai guga yana gaishe shi da Turanci sai ya ɗauka an samu karatu. Wanda ba shi da mudu, ko kasuwa goma ka kai shi, abin da aka auna masa zai karɓa. Da yawa sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago, da kuɗinsu. Zaɓin da nake goyon baya bai kai nasu girma ba: uba ya iya ɗauke ɗansa daga wannan firamaren gwamnati zuwa waccan ba tare da roƙo ko neman hanya ba, kuɗin alli da littafi su bi yaron, in aka ga makaranta na zubar da yara a zo a tambayi dalili. Amma ko wannan ba zai yi amfani ba sai an fara ba shi mudun.

Mudun ba shi da tsada. A ƙarshen kowane zango a sa rana, kamar yadda Islamiyyu ke sa ranar musabaƙa. A shimfiɗa tabarmi, mai unguwa ya zo, liman ya zo, a Sabon Gari da Wusasa fasto ma ya zo, iyaye maza da mata su zo. A jefa ƙuri'a a fitar da yara ashirin daga aji uku, ashirin daga aji biyar, kada a bar malami ya zaɓo zakarunsa. Kowane yaro a ba shi ɗan labari na layi biyar da Hausa, wani da Turanci, da lissafin ɗebewa guda biyu. Mai gwajin ya zo daga waje, ga ɗaliban koyon malanta nan birjik a garin nan da ake turawa makarantu gwajin koyarwa kowace shekara. Yaron a gwada shi a gefe don kada a kunyata shi, amma adadin a faɗe shi a fili, a rubuta da fenti a bangon makaranta: cikin ashirin, kaza sun karanta. Zango mai zuwa a rubuta sabon a ƙarƙashinsa. Wanda bai yi boko ba ma ya san bambancin shida da goma sha biyu.

An gwada makamancin haka a lardin Punjab na Pakistan kimanin shekara ashirin da suka wuce. A cikin ƙauyuka 112 aka raba wa iyayen rabinsu katin da ke nuna makin 'ya'yansu da na kowace makaranta a ƙauyen. Karatun yara ya ɗaga, makarantun kuɗi kuma suka rage farashi. A Yuganda ma, a tsakiyar shekarun 1990, an gano cewa cikin kuɗin hidimar da ake tura wa firamare abin da ke isa makaranta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Gwamnati ta fara buga adadin a jaridu, ta sa a riƙa liƙa shi a makarantu, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80 cikin 100. Amma a yi hattara da abu guda: kada a ɗaura albashi ko kora a wuyan wannan adadin. A Amurka, bayan dokar 2002 da ta ɗaure makomar makaranta da makin jarrabawa, an kama malamai a birnin Atlanta suna goge amsoshin yara suna gyarawa, har a 2015 kotu ta sami goma sha ɗaya da laifi. Mu da muka san yadda ake yi da jarrabawar gama sakandare a wasu cibiyoyi ba ma buƙatar a koya mana wannan. Adadin bango don a gani ne, a zauna a tambayi abin da ya hana.

Sanin kaɗai kuma ba ya isa. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an taɓa bin ƙauyuka ana wayar wa mutane da kai a kan kwamitocin makarantunsu da halin da karatun yara ke ciki, amma makarantun ba su canza ba. Inda aka ga bambanci shi ne inda matasan ƙauye suka zaunar da yara da kansu suna koya musu karatu. Da na ji wannan labari ban yi mamaki ba, domin kwamitinmu irinsu ne. SBMC ake kiransa, tun wajen 2006 aka amince a kafa shi a makarantu, kuma a jihar nan shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya horar da kwamitoci da yawa. A takarda akwai wakilin mai unguwa, da malaman addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, har da yara. Mun yi abin da za mu iya. Mun bi 'yan kasuwa mun roƙi siminti, mun mayar da kwanon da iska ta yaye, mun sa ƙyaure a bayin 'yan mata, mun bi gida-gida mun dawo da yaran da suka daina zuwa. Duk abin da ya shafi mu bayar, ƙofa a buɗe take.

Ranar da muka ɗauko maganar wani malami da ba ya zuwa sai Litinin da Laraba, hedimasta ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, ka rufa mini asiri. Wanda ya kawo shi ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin wanda ke sama da ni." Mun rubuta takarda duk da haka. Bayan wata biyar aka mayar da shi wata makarantar ƙauye, wato aka sauke mana kayan aka ɗora wa 'ya'yan waɗanda suka fi mu rauni. Wata rana kuma muka wayi gari ga ɗan kwangila da leburori ana ta fenti. Ba mu san nawa aka ba shi ba, ba mu san me aka ce ya yi ba, kuma abin da makarantar ke kuka da shi a lokacin ruwa ne da benci. Kafin damina biyu silin da ya sa ya rufto.

Saboda haka abin da nake roƙon majalisar jiha ta sa a doka shi ne haƙori ga waɗannan kwamitoci. Kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai kwamiti ya ga aikin ya sa hannu, kuma a rubuta sunansa da adadin kuɗin a bango tun ranar da ya fara. Rajistar zuwan malamai kada ta tafi ofis a ƙarshen wata sai da sa hannun iyaye biyu. In kwamiti ya kai ƙara a rubuce, a ba shi amsa a rubuce cikin kwana talatin. Hedimasta kuma in ya yi shekara uku ko huɗu, a saurari iyaye kafin a bar shi ya ci gaba. Ban ce a ba mu ikon ɗauka da kora ba. Na san garinmu. In aka ba mu wannan, gobe za a kori malama don ba 'yar gari ba ce, ko don aƙidarta ta saɓa da ta wani babba a unguwa.

Kwamitin shi ma yana buƙatar wanka. A wurare da yawa hedimasta ne ke zaɓo mutanen da ba za su dame shi ba, kuma shugaban kwamitin wani attajiri ne da ba shi da ɗa ko ɗaya a makarantar. Ya kamata iyayen yaran da ke ciki su zaɓi mafi yawan wakilai da ɗaga hannu. Mata kuma, su da suka fi kowa sanin abin da ke jakar yaro, ana kiran taro da safiyar Asabar a ɗakin da maza suka cika, sannan a ce ba su zo ba. A cikin birni da yawa ba za su zo ba. Amma suna taruwa kowane mako a Islamiyyar matan aure. A kai taronsu can, mace ta jagoranta, a kawo abin da suka ce a rubuce.

Kada malamai su ɗauka da su nake. Ƙa'idar ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Malamar da ke riƙe da ajin 'yar maƙwabcina tana da ninki uku na haka, babu littafin karatu a hannun yara, ƙarin girmanta ya daɗe a takarda bai shiga albashi ba. In aka auna ta ba a auna wanda ya tura ta wannan aji ba, an zalunce ta. Bangon da zai ɗauki adadin yaran da suka karanta, shi ne zai ɗauki adadin malaman da makarantar ke buƙata da waɗanda aka turo, da littattafan da aka yi alkawari da waɗanda suka iso, da ranar da albashi ya shiga. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya tafi hannunsu kai tsaye, kuma daga wannan kason ake biyan malaman firamare, ya kamata ciyaman ya san za a tare shi da wannan lissafi a wurin ɗaurin aure da wurin jana'iza. Mu iyaye ma ba mu kuɓuta ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai mai ɗora wa 'yarsa farantin talla da ƙarfe tara na safe, akwai mai kwashe yara zuwa gona wata guda. Sai dai na lura mafi yawansu lissafi suka yi: sun ga yayan ya shekara shida bai tsinana komai ba, sai suka ga gara kuɗin talla da ke shigowa yau.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin makarantun kuɗi ya gagari mutane da yawa, na ga ma'aikata da 'yan kasuwa suna dawo da 'ya'yansu firamaren unguwa, nawa biyun na ƙarshe ma a can suke. Suna dawowa da baƙin ciki, amma suna dawowa da bakin da muka tafi da shi, kuma a zamanmu na baya-bayan nan bencin iyaye bai isa ba sai da aka ɗauko tabarma.

'Yar maƙwabcina mun haɗa ta da wasu yara bakwai a zaurena, wata ɗaliba mai koyon malanta tana zuwa bayan Isha'i sau uku a mako, suka fara daga ba, bi, bu. Kafin azumi ta karanta wa ubanta saƙon baffanta, wanda uban ya ƙi gogewa daga wayar duk tsawon watannin. A zaman kwamitin da ya biyo baya ya rufe shago ya zo, karon farko a rayuwarsa. Da aka gama maganar katanga ya miƙe, ya ɗaga wayar ya ce, "Ranka ya daɗe hedimasta, ba faɗa na zo ba. Ina son in san cikin 'yan ajin su mutum nawa ne za su iya karanta wannan." Hedimasta ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce mu dawo ranar Litinin bayan an dawo tara, zai tara mana ajin mu ƙirga. Da daddare uwar yarinyar ta aiko wa matata cewa ranar da su za a je.